Yadda Nake Tono Asalin Tsohuwar Waƙar Birtaniya

Ni dai daga jikin faifai nake farawa, wajen ƙananan sunayen nan da ke ƙarƙashin sunan waƙa. Ka karanta su, amma kada ka hau kai ka zauna. Ɗauki "Yesterday" ta ƙungiyar Beatles: faifai ya ce Lennon da McCartney, alhali Paul McCartney ne ya tsara ta shi kaɗai. Yarjejeniya ce tsakaninsu, ko wa ya rubuta sunan su biyun ake sawa.

Sai ka nemi ranar da aka ɗauki waƙar, ba ranar da ta shiga kasuwa ba. Wannan an ɗauke ta ran 14 ga Yuni 1965 a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin faifai na EMI da ke titin Abbey Road a Landan. Da ranar a hannunka, bin sawun waɗanda suka yi aikin ba ya wuya, kuma a nan na sha mamaki: sauran 'yan ƙungiyar, John Lennon, George Harrison da Ringo Starr, babu wanda ya kaɗa komai a ciki. McCartney ne da jitarsa, daga baya aka ɗora masu goge irin na Turawa su huɗu, bisa shawarar George Martin mai kula da ɗaukar waƙoƙinsu. Waƙar mutum ɗaya ce sanye da rigar ƙungiya.

Kada ka manta da gwada Birtaniya da Amurka, don sau da yawa tarihin fitowar ya bambanta. A Birtaniya cikin kundin Help! ta fito a Agustan 1965. A Amurka aka fitar da ita a ƙaramin faifai nata a Satumba, har ta hau lamba ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. 'Yan Birtaniya kuwa ba su same ta a ƙaramin faifai nata na kanta ba sai 1976.

Labarin bakin mai waƙa nake barin shi ƙarshe, shi ya fi daɗi, shi kuma ya fi wuyar tantancewa. McCartney ya ce a mafarki karin ya zo masa, ya yi ta rera wa mutane yana tambaya ko na wani ne, yana cike gurbin baitocin da zancen soyayyen ƙwai kafin ya samu na gaskiya. Mafarki ba shi da shaida. Abin da nake yi shi ne in jera hirarrakinsa, tsofaffi da sababbi, in ga ko labarin ya ƙara ƙiba da shekaru.