Babi na Bakwai: Ƙaiƙayi da Ƙuraje a Jikin Kyanwa

A gidajenmu da yawa ana ajiye kyanwa saboda ɓera, musamman inda ake da rumbu ko ɗakin ajiyar hatsi. Wani lokaci za ka ga kyanwar gida ta dami kanta da susa, gashinta yana zubewa, in ka shafa wuyanta ko bayanta sai ka ji ƙananan ƙuraje masu ɓawo kamar an barbaɗa ƙwayar gero a ƙarƙashin gashin. Abubuwan da ke kawo wannan sun bambanta, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki, saboda haka sai an gano sanadin kafin a nemi magani.

Ƙuma ce ta fi yawan jawo shi. Akwai kyanwar da jikinta ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa ta susa na kwanaki, ƙurajen kuma su taru a wuya da gindin wutsiya. Ba lallai ne ka ga ƙumar da idonka ba, domin kyanwa tana lashe ta. Ka shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan danshi, ka tsayar da kyanwar a kai, ka taje gashinta. Idan wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo, sannan suka rine zuwa ja a jikin ƙyallen, to kashin ƙuma ne, wato busasshen jinin da ta sha. Ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya zama a jikin dabba, zubewa yake yi a tsumman da take kwanciya da tsagar daɓe. Wanda ya yi wa kyanwa magani ya bar makwancinta, aikin baban giwa ya yi. Sai a wanke tsumman da ruwan zafi, a shanya shi a rana, a share ɗakin sosai, a kuma yi wa sauran karnuka da kyanwoyin gidan magani a lokaci guda.

Ƙazuwa kuwa wasu ƙwari ne ƙanana da ido ba ya gani suke haƙa fata su shige. Tana farawa daga gefen kunne, ta bi fuska da wuya, fatar ta yi kauri ta yi ɓawo mai launin toka, ƙaiƙayin kuma ya yi tsanani har kyanwa ta ji wa kanta ciwo da farce. Likitan dabbobi yakan kankaro ɓawon ya duba da madubin likita, sannan ya ba da magani irin su ibamectin gwargwadon nauyin kyanwar, akan kuma maimaita bayan kimanin mako biyu. Kada a ɗauki adadin da ake yi wa akuya ko tunkiya a yi wa kyanwa, domin jikinta bai kai nan ba.

Makero ya fi kama 'ya'yan kyanwa. Alamarsa ita ce gashi ya zube a kewaye kamar kwabo, wurin ya yi furu-furu, sau da yawa ma ba tare da susa mai yawa ba. Yana kama mutane, musamman yara da ke rungumar kyanwa, don haka a hana su wasa da ita, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Maganinsa yana ɗaukar makonni, kuma ba a dainawa don an ga gashi ya fara tsirowa. Akwai kuma kyanwar da wani abinci ne, kamar kifi, yake tayar mata da ƙaiƙayi, amma ba a zargin abinci sai an kawar da waɗancan ukun.

Kyanwa da harshenta take wanka, saboda haka duk abin da aka shafa mata a fata cikinta zai ƙare. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya, waɗanda wasu ke shafa wa dabba mai ƙazuwa, suna ƙone fata, suna kuma iya kashe ta. Haka ma maganin kaska na karnuka mai ɗauke da sinadarin famethrin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Farasitamol ma, da muke sha ba tare da wani tunani ba, ƙwaya ɗaya tana iya halaka kyanwa. Idan har an riga an shafa mata ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke ta nan take da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane jikinta, a kai ta asibitin dabbobi tare da kwalbar abin da aka shafa ɗin domin likita ya gani.