Yadda Za Ka Raba Kuɗin Wata Tun Kafin Su Ƙare

Da farko, samu littafi ka rubuta duk abin da ke shigo maka a wata. Wanda ka tabbata da shi kaɗai, domin alkawari ba kuɗi ba ne sai ya zo hannu. In samunka yana hawa da sauka, yi lissafi da watan da ya fi ƙaranci.

Na biyu, ranar da kuɗin suka shigo, cire ajiya tukuna. Kashi 10 cikin 100 ya isa farawa; in ya yi nauyi, fara da 5. Mai jiran ragowar ƙarshen wata da wuya ya tarar da komai. Zuba ajiyar a wani asusu daban, wanda ba ka yawo da katinsa.

Na uku, ware na dole: haya, abinci, makaranta, magani, kuɗin mota, bashi. Abin da ake biya sau ɗaya a shekara, raba shi gida 12, ka riƙa cire kaso guda kowane wata. A ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma yake jefa mutane rance.

Sauran a raba shi gida huɗu, kowane mako da nasa. In na wannan makon ya ƙare, a haƙura, kada a taɓa na gaba.

Sai ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe, har ƙanana, don su ke cin kuɗi a ɓoye kamar gara. Ƙarshen wata ku zauna da iyali, ku duba inda lissafi ya kauce, ku gyara na wata mai zuwa.