Yadda Ake Saita Sauti a Na'urar DVD ta Gida

Da farko, a kashe na'urar da talabijin, sannan a haɗa su da wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti tare. Idan talabijin ɗin tsoho ne, a yi amfani da waya mai kai uku: fari da ja na sauti, rawaya na hoto.

Bayan an kunna, a danna Setup a rimot, a shiga sashen Audio. Nan ne ya kamata a natsu sosai. Wanda zai saurara ta lasifikar talabijin kaɗai ya zaɓi PCM, wato na'urar ta sarrafa sautin da kanta kafin ta tura shi, domin talabijin da yawa ba sa iya sarrafa sautin DTS, wani tsarin sauti da ke kan wasu faya-fayai, sai a ga hoto babu murya. Mai amfilifaya da lasifika shida, wato tsarin 5.1, shi ne zai zaɓi Bitstream, wato na'urar ta tura sautin yadda yake a faifai, amfilifayar ta sarrafa shi.

Daga nan a saka faifai, a rage murya, sannan a gwada.