Masu neman haya a Legas, ku duba tudu kafin ku biya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai neman gidan da ruwa ba zai kore shi ba, unguwannin tudu sun fi kwanciyar hankali: Ikeja, Ogba, Agege da Abule Egba. Lekki, Ajah da Victoria Island kuwa, duk tsadarsu, ƙasa ce mai kwari tsakanin teku da tafki, ruwan sama ba ya samun inda zai gangara da wuri.

Masu sana'a a Mile 12, ku yi hattara da Isheri da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. Nan kogin Ogun ne ke cika ya shigo gidaje idan aka saki ruwan madatsar Oyan, galibi wajen Satumba zuwa Oktoba, ko da sama ba hadari.

Amma fa sunan unguwa bai isa ba. Ko a Agege, gidan da ke bakin babban magudanar ruwa yana shan wahala. Ku je duba gida a Yuni ko Yuli, bayan an tafka ruwa. Ku kalli shatin ruwa a jikin bango, da dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa. Ku tambayi mai shayin layin. Dillali dai kuɗinsa yake nema.