Yadda na gyara ƙarancin RAM a tsohuwar kwamfutata

Na sayo RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a babbar kasuwar Maradi na ƙara wa tsohuwar kwamfutata har ta kai gigabait 4, amma da na kunna ta sai ta nuna 3.2 kawai. Raina ya ɓaci, na zaci an cuce ni, ashe mai shagon ba shi da laifi. Windows 7 mai bit 32 da ke kan kwamfutar ba ta da adireshin ma'ajiya (lambobin da take gane kowane gurbi da su) da ya wuce na gigabait 4, kuma daga cikin wannan adadin ne katin hoto da sauran kayan cikin na'urar suke ɗibar rabonsu, ragowar ce take bayyana. Bayan na tabbatar na'urar tana ɗaukar bit 64, na kwashe takarduna a filas, na sauya Windows ɗin da mai bit 64, sannan na kunna sake rarraba adireshi a BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Yanzu 3.9 take nunawa.