Ga masu zuwa Paris da aboki na kwana biyu ko uku

Jama'a, tun kafin ku tashi, ku zauna kowa ya faɗi wuri ɗaya da ba zai yafe ba. Yawancin saɓanin tafiya daga nan yake tasowa, wani na son gidan tarihi, wani kasuwa kawai ke ransa.

Ku lura da ranaku. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ran Talata, kuma ku sayi tikiti ta intanet, in ba haka ba layi zai cinye muku safiya. A ganina awa uku ta isa, bayan nan ƙafa sai ta fara kuka.

Hasumiyar Eiffel kuwa, ku tsaya a dandalin Trocadéro in dare ya yi. Duk farkon awa fitilunta na ƙyalƙyali na minti 5, ba ko sisi. Sai dai a watan Yuni rana kan kai wajen ƙarfe 10 ba ta faɗi ba.

Azahar ku yi ta a Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926. A gefensa ana sayar da shayin na'ana'a mai zafi.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, jaka a gaba, waya a aljihun ciki. Masu yankan aljihu ba sa wasa.