Yadda Za Ki Shawo Kan Maigidan Da Ya Ƙi Rigakafi

Ke mai aikin rigakafi, idan maigida ya tare ki a zaure ya ce ba za a ɗiga wa 'ya'yansa maganin shan inna ba, kada ki fara musu. Gaishe shi tukuna, ki tambayi iyali. Tsoronsa ba banza ba ne: Kanawa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a 1996 ba, kuma a 2003 gwamnatin jihar da kanta ta dakatar da rigakafin, sai 2004 aka ci gaba da maganin da aka kawo daga Indunusiya.

Kada ki ambaci gwamna ko jam'iyya. Da ya ji ƙamshin siyasa, kin rasa shi. Idan ya dage, ki nemi mai unguwa, ko limamin da aka ɗiga wa jikansa a bainar jama'a. Gobe bayan la'asar ku koma tare.